Lemon Citta Mai Gas: Yadda Ake Haɗa Jinja El a Gida, da Abin da Citta Ke Yi wa Jiki

Wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da ko randa ba ta iya sanyaya ruwa a Katsina, Inna ta kwana biyu tana fama da tashin zuciya. Ƙanena ya ji an ce jinja el yana kwantar da ciki, sai ya hau mashin ya nufi wani babban kanti, ya sayo gwangwani uku masu sanyi da kuɗin da zai isa cefanen miya. Bayan an sha ruwa ya fasa ɗaya ya zuba mata a kofi. Ta kurɓa, ta ɗan juya shi a baki, ta ɗago ta dube shi.

"Kai ɗan nan, ka ce lemon citta ne?"

"Shi ne, Inna. Na Turawa ne."

"To, ina cittar?"

Na karɓi gwangwanin na juya bayansa. Ruwa mai gas, sukari, sinadarin tsami, kala, sai can ƙarshen layi aka ambaci ƙamshin citta. Inna ba ta yi boko ba, amma harshenta ya riga ni karanta takardar. Tun daga ranar na ɗaura ɗamarar koyon haɗa shi da kaina, yadda zai yi gas ɗin nan da yara ke so, ya kuma yi yajin da manya ke nema. Na ɓata citta ba kaɗan ba kafin hannuna ya zauna. Abin da zan kawo shi ne wanda nake yi yanzu, duk mako.

Mene ne jinja el ɗin ma?

Lemon kwalba ne mai gas da ɗanɗanon citta. An fara yin sa a birnin Belfas na tsibirin Ailan wajen shekarun 1850. Daga baya wani mai haɗa magunguna a Toronto ta ƙasar Kanada, John McLaughlin, ya fito da samfurin da bai kai na farko duhu da yaji ba a shekarar 1904, shi ne Canada Dry da har yau ake sha. Kalmar "el" a Turanci sunan wani nau'in giya ce, shi ya sa wasu ke ɗari-ɗari da shi, kuma ba su yi laifi ba da suka tsaya tambaya. Na kanti dai lemo ne zalla, tura masa gas ake yi da inji kamar sauran lemukan kwalba. Inda ake buƙatar kula shi ne na gida da ake jiƙawa da yis, zan zo kansa.

Ƙorafin Inna kuwa ba ita kaɗai ta yi shi ba. A Amurka sai da masu saye suka maka kamfanin da ke yin Canada Dry a kotu kan rubutun da ke jikin gwangwani cewa da citta ta gaske aka yi shi, kuma a 2019 aka sasanta, ya amince ya cire rubutun. Abin da ke cike da gwangwanin jinja el shi ne sukari: a mafi yawansu ya haura gram 30, kusan cokalin shayi 8. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin gram 50 na irin wannan sukari a yini, in ma da hali ya tsaya a 25. Gwangwani ɗaya ya haura gram 25 ɗin nan kenan, ba a sha shayin safe ba, ba a taɓa kunu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ne masu cittar. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, Indiya ce kan gaba, kuma mafi yawan tamu daga kudancin Kaduna take fitowa, wajejen Kachia da Jaba da Kagarko. 'Yan kasuwar waje suna neman ta ne saboda yajinta da ƙarfin ƙamshinta. Duk wadda ke cefane ta tuna yadda farashinta ya yi tashin gwauron zabo bayan cutar da ta afka wa gonakin can a daminar 2023. Mu da ake lodin buhunan citta a ƙofarmu, bai kamata a sayar mana da ƙamshinta a gwangwani ba. Ga shi kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: tana cikin yajin fura, tana cikin kunun zaƙi da zoɓo, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san zanjabil da aka ambata a Suratul Insan, aya ta 17, cikin abin shan 'yan Aljanna.

Mataki na farko: a kasuwa

Zan yi magana da uwargida ne don haka muka saba, amma samari masu zaman kansu da magidanta ma aikin bai fi ƙarfinsu ba.

In kin je wurin masu kayan yaji a Babbar Kasuwa, ki faɗi abin da kike so dalla-dalla. Ranar farko da na ce a ba ni citta kawai, mai rumfar ya dube ni ya ce, "Hajiya, wacce? Mai yatsu ko mai ƙwaya? Ɗanya ko busasshiya?" Citta mai ƙwaya wata aba ce daban, 'ya'ya ne ƙanana a cikin kwanso. Wadda muke nufi ita ce mai yatsu, kuma ɗanya.

Ki ɗauki yatsa ɗaya ki latsa. Mai kyau tauri gare ta, tana da nauyi a hannu, fatarta a miƙe. Ki nemi izini ki karya ɗan gefe: ya kamata ta ce ƙas, cikinta ya fito ruwan ɗorawa-ɗorawa da danshi, ƙamshin ya daki hancinki tun kafin ki kai ta kusa. Wadda ta yamutse, ko ta yi laushi, ko kika ga zare ya yi mata yawa, ta tsufa a rumfa, ruwanta ya gudu. Wadda ta yi hunhuna kuwa, ko kyauta ce kada ki karɓa, kuma kada ki ce za ki yanke wurin ki yi amfani da saura. Hunhunar da ke kama kayan yaji da gyaɗa da masara tana iya barin dafin da ke lalata hanta, dafin da tafasa ba ya kashewa.

Busasshiya ma tana yi in ɗanyar ta yi wuya, sai dai ɗanɗanon zai canza. Sinadarin da ke ba ɗanyar citta yaji sunansa jinjarol. In aka shanya ta ko aka daɗe ana dafa ta, wani ɓangarensa yakan rikiɗe ya koma shogawol, wanda ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa shayin busasshiyar citta ke kama maƙogwaro, ita kuma ɗanya take da wannan ƙamshi mai kama da na lemo. Don lemon sanyi, ɗanya ce sarauniya. Don shayin hunturu, busasshiya.

Ga abin da za ki tanada: ɗanyar citta gram 200, wadda in an gurza za ta kusa cika gwangwanin madara biyu, ruwa lita 1, wato ledar fiya wata biyu, sukari gwangwanin madara 1, lemon tsami 5 ko 6 masu ruwa, kanumfari ƙwaya 5, sai ruwan soda.

Ki tsaya kan ruwan sodan nan, don a nan ake yawan yin kuskure. Ruwa ne kawai da aka tura wa gas, babu zaƙi babu ɗaci, ana samun sa a manyan kantuna da wurin dilolin lemo. Akwai wani da suke kama a kwalba mai suna tonik, shi kuma akwai sukari da kwinin a cikinsa, ɗaci gare shi. Ki karanta jikin kwalbar kafin ki biya. Kuma don Allah kada wani ya ce miki ki jefa kanwa ko hodar yin kek a ruwa wai ta ba da gas. Kumfa za ta yi ta mutu nan take, ta bar miki ɗanɗanon sabulu.

Mataki na biyu: wanki da gurza

Ki ɓalle yatsun ɗaya bayan ɗaya, don ƙasa a matse-matsinsu take ɓuya. Ki jiƙa su minti goma, ki cuɗa da sabon soso, ki ɗauraye sau biyu. Fere da wuƙa asara ce, rabin naman ke bin ɓawo. Bakin cokali za ki sa ki kankare, fatar za ta fita siririya kamar takarda. In cittar sabuwar haƙa ce mai farar fata, wanki ma ya isa.

Sai gurzawa. Ni na fi son abin gurza kuɓewa, ɓangaren ƙananan ƙofofi. Turmi ma yana yi, amma ki tabbata ba wanda aka daka tafarnuwa ko daddawa ba ne, don citta ba ta da sirri, duk abin da ta tarar sai ta kwaso. Masu bilenda su yanka ƙanana su zuba rabin kofin ruwa daga cikin litar nan. Hannunki zai ɗan yi raɗaɗi in cittar ta Kachia ce ta gaske. Ki wanke da sabulu kafin ki taɓa ido ko ki ɗauki jariri.

Mataki na uku: dafawa

Nan ne aikin yake. Ki juye gurzajjiyar cittar da kanumfari a tukunya mai tsabta, wadda ba ta riƙe maiƙon miya ba, ki zuba ruwan. Da ya tafasa sai ki rage wuta sosai, yadda zai riƙa ɗan motsi kawai, ki rufe ki bar 'yar kafa. Minti 20 ya isa. In gawayi kike amfani da shi, ki janye rabin garwashin.

Da farko nakan bar shi ya yi ta ɓararraka kusan awa guda, ina ganin hakan ne zai fitar da amfanin duka. Abin da nake samu shi ne ruwa mai duhu, mai zafin da ke sa tari, ƙamshin kuma ya tafi ya cika tsakar gida maimakon ya zauna a tukunya. Ƙamshin citta mai ne da ke bin tururi. In kika ji maƙwabta na tambayar me ake dafawa, to lemonki ne ke ficewa ta taga.

Bayan minti ashirin ki sauke, ki rufe ruf, ki bar shi rabin awa ya jiƙu a cikin zafinsa. Wannan zaman ya fi tafasar fitar da ɗanɗano. Sannan ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki tace, ki tattara bakin ƙyallen ki matse har sai dusar ta bushe a hannunki. Ruwan ƙarshen nan da ke fita da ƙyar, shi ya fi kauri da yaji. Kada ki zubar da dusar, tana da sauran aiki.

Ki zuba sukari tun ruwan da ɗumi, ki juya har ya narke. Ba sai kin mayar wuta ba. Mai son zuma ya bari sai ya huce sannan ya zuba, amma a sani zuma da mazarƙwaila duk sukari ne a wurin jiki, mai ciwon suga bai tsira ba don ya canza suna. Kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma ko kaɗan.

Lemon tsami shi ne na ƙarshe, sai ruwan ya huce sarai. In aka matsa shi a ruwan zafi yakan yi ɗaci-ɗaci, bitamin C ɗin da ke cikinsa ma zafi na rage shi. Ki murza kowanne a kan faranti kafin ki yanka don ya saki ruwa, ki tace 'ya'yan. Za ki ga abin sha'awa: wani lokaci ruwan yakan ɗan juya ya yi ja-ja mai haske da zarar tsamin ya shiga, musamman in cittar sabuwa ce. Ba lalacewa ba ce.

Abin da kika samu yanzu shi nake kira uwar lemo, zai kai kusan kwalba ɗaya da rabi ta rabin lita. In ya zauna za ki ga wani farin gari ya kwanta a ƙasa kamar gasara. Sitacin cittar ne. Mai son lemo garai-garai ya tsiyaye saman a hankali, ni dai girgizawa nake yi.

Mataki na huɗu: haɗawa a kofi

Komai ya yi sanyi tukuna, uwar lemon da sodan duka. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas, mai ɗumi kuwa kina buɗewa zai huce. Ki sa ƙanƙara a kofin gilashi, ki zuba cokalin cin abinci 4 na uwar lemo, ki karkata kofin ki tsiyaya soda ta gefe a hankali har ya kusa cika. Awon shi ne kashi ɗaya na uwa, kashi huɗu na soda. Ki sa cokali ki ɗago daga ƙasa sau ɗaya tak. Juyi irin na koko kashe gas yake yi. In akwai ganyen na'a-na'a ki murje biyu a tafin hannu ki jefa.

Kada ki ɗura uwar lemon cikin kwalbar soda wai don ki huta. Zai yi ambaliya, rabi ya ƙare a ƙasa. Kowa a haɗa masa nasa a kofi, lokacin da zai sha.

In kika lissafa, wannan tukunyar za ta ba ki kofi 12 zuwa 13, kowanne da sukari wajen cokalin shayi biyu da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku kenan na abin da ke cikin gwangwani, ga kuma citta da za ki ji ta tana sauka har ƙirji. Bayan mako biyu ki gwada rage sukarin zuwa rabin gwangwani. A gidanmu ba wanda ya lura sai da na faɗa.

Ranar da babu soda, ruwan randa ma ya wadatar, ya zama lemon cittar da muka gada. Cokali biyu a cikin zoɓo ko jiƙon tsamiya kuwa, sai wanda ya gwada.

Ajiya, da maganar tsami

Ki zuba uwar lemon a kwalbar da kika wanke da ruwan zafi ta bushe. A firjin da ke samun wuta ba yankewa zai yi mako guda. Amma mun san halin wutarmu. In ana ɗaukewa ana kawowa, kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa, don haka ki raba awon biyu ki riƙa yin kaɗan-kaɗan. Mai firiza ta zuba a mazubin ƙanƙara, ƙwaya biyu ko uku sun isa kofi, kuma sun zama ƙanƙarar da ba ta tsinka lemo.

Wani watan Afrilu na manta da gora ɗaya a bayan buhun gero a sito, kwana huɗu. Da na gan ta ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwallo, gindinta ya turo har ba ta iya tsayuwa. Ina murɗa murfin ta yi tsartuwa har rufin ɗaki, wari mai tsami-tsami kamar na ƙullun da ya kwana ya cika wurin. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin yis da ke jikin citta da cikin iska sun samu sukari da zafi, suka ci, suka fitar da gas. Kuma duk inda yis ya ci sukari ya ba da gas, to ya ba da barasa tare da shi, ko da kaɗan ce, tana kuma ƙaruwa da yawan kwanaki.

Na kawo wannan ne saboda za ki ci karo da masu koyar da jinja el a intanet suna cewa a zuba yis a rufe kwalba kwana biyu ko uku don ya yi gas da kansa. Haka Turawa suke yin abin da suke kira giyar citta tun ƙarni na 18 a Ingila. Ni ban bin wannan hanyar, ban kuma ba kowa shawarar bi. Ba ki da abin auna yawan barasar a kicin, zafin garinmu yana sa aikin ya yi gudu fiye da na ƙasashen da aka rubuta awon, kwalbar gilashi kuma tana iya fashewa a fuskar yaro. Soda ta raba gardama. Duk uwar lemon da kika buɗe kika ji ta yi tsit da kanta, ko ta yi kumfa, ko ta yi yauƙi, ki zubar.

Abin da citta ke yi, da abin da ba ta yi

Ƙanena bai yi kuskure ba da ya nemi citta don tashin zuciya, a gwangwani ne kawai ya neme ta. Cikin duk abin da ake jingina wa citta, wannan ne binciken likitoci ya fi tabbatarwa, musamman tashin zuciyar masu ƙaramin ciki, wato laulayi. Tana taimaka wa ciki ya tura abinci gaba da wuri, shi ya sa take rage kumburi da nauyin da mutum ke ji bayan ya cika ciki da tuwo. Awon da aka saba ba mai ciki shi ne kimanin gram 1 na garin citta a yini, wajen rabin cokalin shayi, a raba shi biyu ko uku. A uwar lemonmu, cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu a yini ya ishe ta, a tsinka da ruwa ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ta faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ranar awo, musamman in ta taɓa yin ɓari ko tana ganin jini. In kuwa amai ya kai ko ruwa ba ya zama a cikinta, wannan ya wuce citta, asibiti za a nufa a ranar.

Na biyu shi ne ciwon mara lokacin al'ada. Mata da yawa suna samun sauƙi in suka fara shan ta tun ranar farko zuwa ta uku, kuma gwaje-gwaje sun goyi bayan haka. Da ɗumi ya fi daɗi a wannan halin. Masu ciwon gwiwa na tsufa ma wasu kan ji ɗan sassauci, ɗan kaɗan dai, ba irin wanda zai sa a ajiye sanda ba. Amai a mota kuwa, wani tana yi masa wani ba ta yi. In za ki Daura ko Jibiya da yaron da mota ke juya wa ciki, ki ba shi rabin kofi marar gas rabin awa kafin tashi, ki ga yadda za ta kaya.

Mura da sanyin hunturu: ruwan citta mai zafi da lemon tsami yana buɗe hanci, yana lallashin maƙogwaro, yana sa gumi. Sauƙi ne na gaske, amma murar sai ta cika kwanakinta.

Yanzu ga inda nake roƙon a saurare ni da kyau. Citta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ta maganin taifot. Na ga an kwantar da yaro kwana uku ana ɗura masa citta da kanumfari jikinsa kamar garwashi, alhali gwajin jini na minti kaɗan ne. Ba ta narkar da teɓa. Ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga, duk da saƙonnin da ake ta turawa a WhatsApp. Yaron da ke gudawa kuma kada a ba shi jinja el, na gwangwani ko na gida. Sukarin da ke ciki yana jawo ruwa zuwa hanji ya ƙara gudawar. Abin da yake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake samu a kemis, da ƙwayar zinki, da ci gaba da nono in mai shan nono ne.

Su wa za su yi taka-tsantsan

Lafiyayyen babban mutum, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada ya wuce gram 4 na garin citta a yini. A lemonmu, kofi ɗaya ko biyu. Kar a manta da wadda ke cikin shayi da yaji da miya, duk ciki ɗaya suke tafiya. In ta yi yawa, jiki zai faɗa: ƙwannafi, zafin ƙirji, yawan gyatsa, wani lokaci gudawa.

Mai olsa da mai yawan ƙwannafi su gwada cokali ɗaya a ruwa marar gas, bayan sun ci abinci. In ta tayar musu, su haƙura. Gas da lemon tsami kansu suna tayar da ƙwannafi ko babu citta.

Wanda aka ɗora kan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko yake shan asfirin kullum saboda zuciya, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da ita abin sha na yau da kullum, don citta na iya ƙara jinkirta daskarewar jini. Haka wanda aka sa wa ranar tiyata, ya faɗa musu yana shan ta. Mai tsakuwar matsarmama shi ma ya tambaya. Mai ciwon suga ya haɗa tasa uwar lemon babu sukari sam, ya adana ta a matsayin ƙanƙara tunda ba za ta daɗe ba, ya kuma riƙa auna jininsa, don citta mai yawa tare da magani na iya sa sugan ya sauka fiye da yadda ake so. Wadda za a sa a miya ko a fura ba ita ake magana ba, wannan ba ta da matsala.

Da azumi, kada ki buɗe baki da shi. Cikin da ya wuni babu komai, a ce abin da zai fara tarba shi ne yaji da tsami da gas, zalunci ne. Dabino da ruwa, sai kunu, a yi Magariba, a ci abinci, sannan a kawo lemon. A lokacin ne ma yake aikinsa na sauke nauyin ciki kafin a fita asham. Da sahur kuma ban cika so ba, zaƙin da yajin kan bar mutum da ƙishi tun hantsi.

Yara daga shekara biyu zuwa sama, cokali ɗaya a kofi ya ishe su, kuma ba kullum ba, saboda haƙori. Su kurkure baki da ruwa bayan sun sha.

Dusar nan da na ce ki ajiye

Ki baza ta a tire, ki rufe da abin da ƙuda ba zai shiga ba, ki kai rana. A zafin Katsina wuni ɗaya ya ishe ta bushewa ƙarau. Ki daka tare da barkono da ƙuli-ƙuli ta shiga yaji, ko ki riƙa ɗibar ɗan kaɗan kina jefawa a tukunyar shayi. Da sauran ƙarfinta.

In hunturu ya kama, Disamba zuwa Janairu, ba mai neman ƙanƙara. Uwar lemon nan dai ita ce, cokali uku a kofin ruwan zafi da asuba. Inna ma haka take shan nata ko da bazara, sai dai da ruwan randa. Ta ce sodan yana sa ta gyatsa a gaban surukai, a bar wa yara. Cokali uku take so, ba huɗu ba, kuma in lemon tsamin ya yi yawa sai ta aiko a faɗa mini.